Zuwa tsibirin Chichijima a jirgin ruwa: ga amsoshin, a daina maimaita min tambaya

Wai a ina yake?
Japan. Cikin tsibiran Ogasawara, wajen kilomita 1,000 kudu da Tokyo, amma a takarda ƙarƙashin Tokyo ɗin yake.

Ba jirgin sama?
Babu. Filin jirgin ma babu. Jirgin ruwan haya guda ne, Ogasawara Maru, awa 24 daga tashar Takeshiba da ke Tokyo, kusan sau ɗaya a sati.

Sai da biza?
To da fa? Mai fasfo ɗin Najeriya ko Nijar sai da biza.

In na biya kuɗin jirgin yawon shaƙatawa, tabbas zan taka tsibirin?
Nan fa ake yin ta. Gaskiya ba tabbas, kuma duk wanda ya rantse maka yaudararka yake. Manyan jiragen ba sa matsowa bakin tashar Futami ta tsibirin, can cikin ruwa suke tsayawa sai ƙananan jirage su riƙa kwaso mutane kaɗan-kaɗan, to in igiyar ruwa ta yi ƙarfi kyaftin na iya cewa ba mai sauka, kana hango tsibirin da idonka a juya da kai. Ya danganta da lokaci, daga ƙarshen bazararsu zuwa kaka guguwar teku ta fi yawa, lokacin sanyi kuma ruwan ba ya kwanciya, amma kuma ana iya dacewa a kowane wata. Ni dai shawarata, ka karanta sharuɗɗan tikiti kafin ka biya, galibi ba a mayar da kuɗi don an fasa tsayawa saboda yanayi. In tsibirin ne ainihin abin da ya kai ka, ba jirgin ba, gara Ogasawara Maru, yana kwana kamar uku a can kafin ya juyo. Shi ma ɗin guguwa kan ɗage tafiyarsa.

Me ya sa ake sa mutum goge takalmi kafin shiga daji?
Ka goge kawai malam, ba wulaƙanci ba ne, don kar takalminka ya yaɗa ɓarna ne. Wata tsutsa da aka shigo da ita tana cinye katantanwar da babu irinta a ko'ina a duniya, kuma irin waɗannan halittun ne suka sa UNESCO ta saka tsibiran cikin wuraren gado na duniya a 2011.

Abinci fa?
Kifi ya wadata, kwantar da hankalinka. Amma ka tambaya, don ana sa wani ruwan ɗanɗano mai suna mirin a girki, kuma da giya a cikinsa. Har kunkurun ruwa suna ci. Ka riƙe garinka da dabino.

In rashin lafiya ta kama ni?
Ƙaramin asibiti ne kawai a garin, mutanen wajen 2,000 ne. In abu ya tsananta sai sojoji sun ɗauke ka da jirgi mai saukar ungulu zuwa tsibirin Iwo Jima, daga can a wuce da kai Tokyo. Masu hawan jini da suga, ku taho da maganinku har da rara, kuma kar wanda ya taso ba inshora.