Waiwaye: Yadda Achang suka zama ƙabila ɗaya mai addini biyu

Ƙabilar Achang ba ta da yawa. Ƙidayar ƙasar Sin ta 2010 ta samu mutum 39,555, mafi yawansu a yankin Dehong na lardin Yunnan, dab da iyakar Myanmar, inda wasu danginsu ke zaune. Harshensu ɗan'uwan harshen Bama na Myanmar ne, kuma ba su gaji rubutu nasu ba. Duk da ƙarancin nan, wanda ya je Husa a gundumar Longchuan, sannan ya wuce gundumar Lianghe, zai ɗauka ƙabilu biyu ya gani. Tarihi ne ya raba su haka.

Kakanninsu sun zauna a kwarin kogunan Lancang da Nujiang a arewa maso yammacin Yunnan. Sun rayu ƙarƙashin daular Nanzhao, sannan ta Dali, suna gangarowa kudu da yamma sannu a hankali har suka yada zango a Dehong. A nan suka tarar da 'yan Dai, masu sarauta da filayen shinkafa, kuma sarakunan gado ne suka riƙa mulkinsu da karɓar haraji har zuwa shekarun 1950.

Mutanen Husa sun fi kowa cuɗanya da maƙwabta. Daga Dai suka karɓi addinin Buddha na ɗariƙar Theravada, da gidajen ibadarsa da bukukuwansa. A zamanin daular Ming kuma aka girke sojoji a kwarin Husa, kuma abin da ake faɗa a can shi ne daga maƙeran rundunar suka ƙware a ƙira. Wuƙa da addar Husa suka yi suna, 'yan Jingpo da Dai da Tibet na nemansu, sana'ar na bin gida daga uba zuwa ɗa. A 2006 gwamnatin Sin ta sanya wannan ƙira cikin jerin al'adun gado na ƙasa.

Lianghe ta bi wata hanyar. Can aka riƙe girmama kakanni da iskokin gari, kuma can ne doguwar waƙar asalin duniya ta tsira, labarin Zhepama da Zhemima. A cikinta Zhepama ya yi sama, Zhemima ta saƙa ƙasa. Sai wani mugu mai suna Lahong ya kafa ranar ƙarya wadda ba ta faɗuwa, ƙasa ta bushe, har Zhepama ya harbo ranar ƙaryar da kibiya. Jagororin ibada da ake kira huopao ne ke rera ta da ka, a wajen jana'iza da sauran hidimomi. A ganina nan ne dukiyar Achang ta gaske take, domin al'ummar da ba ta da rubutu, bakin dattawanta ne ma'ajiyarta. Ita ma waƙar ta shiga jerin na 2006.

Har bukukuwansu daban suke a da. Husa na da Alu, mai tushe a addinin Buddha, inda ake fito da siffar farar giwa da ta macijin almara ana rawa. Lianghe na da Woluo, na tunawa da Zhepama da Zhemima. A 1993 hukumomin Dehong suka haɗe su zuwa biki ɗaya, Aluwoluo, da ake farawa ranar 20 ga Maris.

Haɗin ya ba su ranar da duk suke taruwa, kuma abin yabawa ne. Damuwata tana ga Lianghe. Wuƙa tana da kasuwa, mai saye zai sa maƙeri ya ci gaba da hura wuta. Waƙar kuwa sai da harshen, ga shi matasa da dama a can Sinanci suka fi ji, masu rera ta cikakkiya kuma 'yan kaɗan ne, yawancinsu tsofaffi.