Wai mene ne statin ɗin nan da ake rubuta wa masu shanyewar ɓarin jiki?

Kawuna da aka sallamo shi daga asibiti bayan ya samu shanyewar ɓarin jiki, leda guda ya dawo da ita ta magani, na hawan jini, asfirin, sai wata ƙwaya wai ita atorvastatin. Na koma duba shi bayan wata uku na tarar da kwalinta a kan taga duk ƙura. Na ce Kawu lafiya ka ajiye wannan? Sai ya sa hannun dama ya ɗaga na hagu ya sake shi ya faɗo kan cinya, ya ce "yaro ka ga ya motsa? To shan me nake yi?"

To dama ba aikinta ba ne motsa hannu, nan ne mutane da yawa ke rikicewa. Statin sunan dangin magungunan rage kolestarol ne, wato wani irin maiƙo da ke yawo a jini, kuma sunayensu da statin suke ƙarewa, simvastatin, rosuvastatin, atorvastatin. Wani masani ɗan Japan, Akira Endo, shi ya gano na farko a shekarun 1970. Mu dai zatonmu kolestarol daga tsire da man shanu kaɗai yake zuwa, alhali mafi yawansa hantar mutum ce ke haɗa shi da kanta, shi ya sa za ka ga mutum siriri kamar sillen kara amma an auna nasa ya hau. Maganin a hantar yake aiki, ya rage haɗawar, ita kuma ta riƙa janye LDL daga jini, shi ne nau'in da ke manne wa bangon jijiya yana taruwa kamar yadda shara ke cushe kwata, wata rana ya fashe jini ya daskare a wurin, wani sashe na ƙwaƙwalwa ya rasa jini, sai ɓarin jiki ya shanye.

Wanda abin ya taɓa samu yana cikin haɗarin ya maimaita masa, na biyun ake gudu. A wani bincike mai suna SPARCL da ya fito a 2006 an bi mutum 4,731, waɗanda aka ba atorvastatin 80mg kullum maimaituwar ta ragu da kusan kashi 16 cikin 100 in aka kwatanta da waɗanda ba a ba su ba. Ba wani abin al'ajabi ba ne amma ba kaɗan ba ne. Sai dai fa wannan ya fi shafar masu toshewar jijiya, wanda tasa fashewa ta yi jini ya zuba a ƙwaƙwalwa likita sai ya auna tukun, don haka kar ka je kemis ka saya don an rubuta wa maƙwabcinka.

Ƙwayar tana da nata laifin, wasu ta sa su ciwon tsoka, in kuwa ciwon ya yi tsanani ko fitsari ya koma kalar shayi a koma asibiti a ranar. Mai ciki ko mai shayarwa ta faɗa wa likita. Kuma ba irin maganin zazzaɓi ba ne da za a ce an gama, ka daina kolestarol ya sake hawa.

Shi hannu, gashin ƙashi da motsa shi kullum ke dawo da abin da zai dawo, musamman a watannin farko. Kawu dai ya koma shan ƙwayarsa bayan isha'i yana mita, yanzu yana iya riƙe kofin koko, cokali ne har yau yake ba shi wahala.