Mene ne amigurumi? Saƙar da ke mai da zare tumatir da ƙosai

Duk mai bibiyar bidiyon saƙa a waya, ko a YouTube ne ko TikTok ko zaurukan WhatsApp na masu sana'ar hannu, ta sha cin karo da wannan kalma. Za a nuno hannu riƙe da kwarashi ana juya ɗan dunƙulen zare, kafin bidiyon ya ƙare abin ya zama lemu mai ganye ɗaya, ko yankin kankana da baƙaƙen ƴaƴanta, ko ɗan kek da kirim a bisa. A ƙasa an rubuta amigurumi. Mai gani a karon farko sai ta ɗauka sunan wani zare ne na musamman, har ta yi niyyar cigiyarsa wajen masu kayan ɗinki a kasuwar Dole ta nan Damagaram. Ba zare ba ne, ba kuma sunan kamfani ba ne.

Kalmar daga Japan ta fito, kuma haɗi ce ta kalma biyu: ami, wato saƙa, da nuigurumi, wato ƴar tsanar da aka ɗinka aka cusa wa auduga. Abin nufi shi ne ƙaramin abin wasa da aka saƙa da zare, aka cika cikinsa har ya ɗauki siffa ya tsaya da kansa. Yana iya zama mage, ko mota, ko ƴar yarinya mai kitso, ko kayan abinci. A Japan sunan ya haɗa har da wanda aka yi da dogayen allurai biyu na saƙar rigar sanyi, amma yau idan aka ambace shi, na kwarashi ake nufi. Ya fara bazuwa a Amurka da Turai a farkon shekarun 2000, sannan intanet ta ƙarasa aikin: kasuwar Etsy ta masu sana'ar hannu da aka buɗe a 2005, da dandalin Ravelry na masu saƙa da ya zo a 2007, sun sa wadda ta ƙirƙiro samfuri, wato rubutaccen tsarin saƙa, a Tokyo tana iya koyar da wadda ke Faransa ba tare da sun taɓa haɗuwa ba. Mu nan Damagaram galibi ta bidiyon Faransanci ya iso mana.

To, me ya raba shi da saƙar da muka sani? Matan Zinder ba baƙin kwarashi ba ne. Hular jariri, safa, shawul na suna, ɗan mayafin bisa tebur, duk ana yi tun da daɗewa, kuma maza ma suna saƙa hula. Sai dai a waɗannan, ƙofofin da ke tsakanin zare su ne adon, kuma ana son saƙar ta yi laushi ta zuba. A amigurumi ƙofa aibi ce. Ana son saƙar ta matse gam, domin ko ƴar kafa aka bari audugar ciki za ta leƙo. Shi ya sa ake ɗaukar kwarashin da ya gaza wanda aka rubuta a takardar zaren: idan an ce milimita 4, sai a sauko zuwa 3 ko 2.5. Shi ya sa kuma kusan ƙulli iri ɗaya ake maimaitawa daga fari har ƙarshe, gajeren nan matsattse wanda a samfuran Faransanci ake taƙaita sunansa da ms. Wadda ta iya shi, ta iya ƙari, wato ƙulli biyu a gurbi ɗaya, wanda suke rubutawa aug, ta kuma iya ragi, wato haɗe biyu su zama ɗaya, wanda suke rubutawa dim, to ta riƙe duk abin da ake bukata. Saura lissafi da haƙuri.

Ana farawa ne daga tsakiya, kamar yadda mai saƙar faifai ke fara cibiyarsa ta bi ta tana kewayawa. Za ki naɗe zare a yatsa ya yi zobe, ki saƙa ƙulli 6 a cikinsa, ki ja wutsiyar zaren zoben ya tsuke har ramin tsakiya ya ɓace. Daga nan ba a rufe zagaye a sake sabo. Tafiya ake yi ba tsayawa, zagaye na hawa kan zagaye. Saboda haka dole a maƙala wata alama a ƙullin farko, ko da guntun zare ne mai wani launi ko fil, in ba haka ba lissafi ya ɓace.

Lissafin kuwa shi ne zuciyar abin, kuma a nan nake son mu ɗan daɗe. Zagaye na farko 6, na biyu 12, na uku 18, na huɗu 24, na biyar 30. Kullum ƙarin 6. Ba wani ne ya ga dama ya zaɓi shida ba. Gajeren ƙullin nan tsayinsa da faɗinsa kusan ɗaya suke, kuma duk da'irar da aka faɗaɗa daga tsakiya da taki ɗaya, kewayenta yana ƙaruwa da taki shida da ɗan ɗoriya, wato 6.28, abin da ƴan lakwal ke koya a darasin da'ira. Idan kin ƙara 6 a kowane zagaye, saƙar za ta kwanta shimfiɗe. Idan kin daina ƙari kina ta zagayawa da 30, bakin zai miƙe sama ya zama ƙoƙo. Idan kin shiga ragi, 24, 18, 12, 6, ƙoƙon ya tsuke ya zama ƙwallo, kuma tun bakin bai gama rufewa ba ake cusa auduga. Idan kuwa kika wuce 6, kika riƙa ninkawa a kowane zagaye, saƙar ba za ta sami wurin kwanciya ba, sai ta shiga lanƙwashewa tana tattarewa, kuma da haka ake fitar da ganyen salati. Wata masaniyar lissafi ƴar ƙasar Latbiya, Daina Taimina, ta yi amfani da wannan tattarewar a jami'ar Cornell ta Amurka a 1997, ta saƙa da kwarashi wata siffa ta lissafi da malamai suka daɗe suna fama da nuna wa ɗalibai ita a zahiri. Ina son wannan labari ƙwarai, don yana nuna nauyin ilimin da ke hannun mace mai ƙirga ƙulli a tsakar gida.

Da zarar an gane wannan, kayan miya duka sun zo hannu. Tumatir ƙwallo ne ja. Bayan an rufe shi sai a soka allura mai dogon zare daga sama ta fito ƙasa, a zagayo ta waje a ja kaɗan, a maimaita sau biyar ko shida, sai ga tsagoginsa sun fito, a ɗora masa koren tauraro a ka. Kabewa ma haka, sai dai ta fi girma. Albasa ƙwallo ce da aka ja ragin samanta a hankali har ya yi tsini, kuma mai zare ruwan hoda mai duhu za ta fitar da ta Galmi sak. Tattasan Diffa dogo ne mai sirancewa, ana fara shi daga tsinin ana ƙari kaɗan-kaɗan. Masa faifai biyu ne ƙanana da aka haɗe bakinsu, a sa auduga ƴar kaɗan, a zagaye gefen da zare mai ruwan ƙasa kamar inda tanda ta ƙona. Ƙosai ya fi kyau idan bai daidaita ba, don haka sai a warwatsa ƙarin da gangan ya fito da ƙusoshi. Dabino ƴar siririyar jaka ce. Goro ɓari biyu, fari ko ja. Fura kuwa ita ce mafi sauƙi, dunƙule ne kawai mai ruwan toka, a saƙa mata ƙwarya, wato rabin ƙwallon da ba a cusa wa kome ba.

Da gangan na jero waɗannan. Samfuran da ke yawo a intanet cike suke da sushi da donat da kek mai kirim, domin waɗanda suka rubuta su abin da suke ci ke nan. Babu laifi a fara koyo da su. Amma yana damuna in ga mai hannu mai kyau ta tsaya nan, tana saƙa wa yaron unguwar Birni ko Zango abincin da bai taɓa gani a kwano ba. Ƴaƴanmu sun iya wasan girki tun kafin a kawo musu kome. Da gwangwanin tumatir da ƙasa da ganye suke tuƙa tuwo su raba wa ƴan tsana. Yarinyar da aka miƙa wa albasa da tattasai da tumatir na zare za ta kasa su a faifai nan take ta fara ciniki, tana kiran farashi dala-dala yadda ta ji ana yi a kasuwa, ƙanenta kuma yana koyon sunan kowanne da launinsa da ƙirga. Donat ba zai ba ta wannan wasan ba. Kuma ba sai an jira wani ya rubuta samfurin ƙosai da Faransanci ba, tunda ƙari da ragi ne kawai.

Sai maganar fuska. A salon Japan, har lemu da burodi ana yi musu idanu biyu da ɗan murmushi, ana sa idanun ƙasa-ƙasa da tazara a tsakaninsu don abin ya yi kama da jariri. Wannan yana cikin ɗabi'arsu ta son abu ƙarami mai ban sha'awa da suke kira kawaii. A gidajenmu kuwa akwai masu ƙyamar duk abin da ya yi kama da surar mai rai, kuma damuwarsu abin girmamawa ce. Malamai da dama sun yi sauƙi a kan kayan wasan yara, suna kafa hujja da cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da ƴan tsana. Akwai kuma ruwayar Rubayyi'u ƴar Mu'awwizu a Buhari da Muslim, cewa suna sa yaransu azumin Ashura, su yi musu abin wasa da ulu, idan yaro ya yi kukan abinci a ba shi ya yi wasa har lokacin buɗa baki. Mai neman hukunci ta tambayi malaminta. Abin da zan iya cewa ta fuskar sana'a shi ne, kayan abinci sun fi kowane irin amigurumi sauƙin shiga kowane gida, domin mangwaro ba ya bukatar ido kafin a gane shi.

Ƙin sa idon ma yana da wani amfani da ya fi wannan gaggawa. Idanun roba da ake sayarwa, masu maƙalli ta baya, da duwatsun ado da maɓallai, ba a sa su a abin wasan yaron da bai kai shekara 3 ba. Saƙa tana saki da tauna da wanki, ƙofa ta buɗe, idon ya fita ya tafi maƙogwaro. Idan ana son fuska ko ƴaƴan kankana, a ɗinka su da baƙin zare, a ɓoye ƙullin a ciki. Haka nan girman abin kansa: dabino ko goro na zare da zai iya shigewa bakin mai rarrafe ba nasa ba ne, a yi masa babban lemu da zai cika hannu biyu. Tsinken tsire kuma kada a sa na gaske, a saƙa shi. Jan zare da shuɗi a jiƙa guntunsu a ruwa tukuna a ga ko suna zuba, tunda ƙarshen abin bakin yaro ne.

Wajen zaɓen zare, na auduga ya fi fitar da siffa tsaf, ba ya yin gashi, kuma yana jure wanki, abin da ba ƙarami ba ne a garin da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina. Zaren ulu na roba, wanda aka fi samu a kasuwa, ya fi araha da laushi da yawan launi, sai dai yana tsitstsige da daɗewa. Na ciki kuma, farar audugar roba irin ta matashin kai ita ce ta fi, don tana bushewa da wuri ta koma yadda take. Audugar rimi tana da laushi amma ba ta son wanki, ta gona kuma tana dunƙulewa idan ta sha ruwa. Ƙyallayen tela da aka yayyanka ƙanana suna yi wa abin da ake son ya yi nauyi, kamar kabewa. Gero ko shinkafa ko wake da wasu ke zubawa don abin ya zauna daram, a nan gayyatar ƙwari da ɓera ne. A cusa kaɗan-kaɗan, ana turawa da gindin kwarashi, har ya cika ba tare da saƙar ta buɗe ba.

Wadda ke son ta mai da shi sana'a ta yi wannan lissafin kafin ta faɗi kuɗi. Tumatir ɗaya mai faɗin ƙulli 30: hawansa 6 da 12 da 18 da 24 da 30, ƙulli 90 ke nan; zagaye biyar na tsakiya, 150; saukarsa 24 da 18 da 12 da 6, wato 60. Jimla ƙulli 300, kowanne da hannu, ba a sa ganye da cusawa da ɗinki ba. Zaren da ya ci kaɗan ne, shi ya sa mai saye ke ganin bai kamata ya yi tsada ba, kuma shi ya sa mai saƙa ke cutar kanta idan kuɗin zare kawai ta duba. Lokacinta ne jarin. Sayar da ɗaya-ɗaya yana sa a gwada shi da kayan wasan roba na kasuwa, kuma a nan ba za ta ci riba ba. Gara a haɗa su saiti: kayan miya guda biyar a ƙaramin faifai, ko masa da ƙosai a ɗan kwando, a kai wa masu makarantun renon yara da masu neman kyautar da za su riƙa zuwa gidan suna, ƙananan kuma a sa musu zobe su zama maratayin makulli na manya.