Fayil ɗin laida da rigimar kodinet: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Tun da ƙannenmu masu safiyo a nan Katsina suka fara karɓar aikin laida (LiDAR, auna ƙasa da hasken laser daga jirgi, sakamakon ya fito a tarin ɗigogi, kowanne da lambobin wurinsa, wato kodinet) wayata ba ta huta ba, kuma tambayoyin su ne dai su ne. To ga su nan a rubuce.

A ina zan ga tsarin kodinet ɗin fayil ɗina?

A cikin bayanan da ke farkon fayil ɗin (header), ko nau'in LAS ne ko LAZ. Ka buɗe shi da manhajar lasinfo ko pdal info, ko ka ja shi cikin manhajar taswira ta QGIS ka duba bayanansa. Shi ke nan.

Katsina wane zon ne?

A UTM, tsarin da ya raba duniya zon-zon yana ƙirga wuri da mita, zon 32 na arewa ne. Lambarsa a kundin tsare-tsaren kodinet EPSG 32632, a kan datom ɗin WGS84, wato tushen awon da GPS yake amfani da shi. Daura ma haka.

Na zaɓi Assign projection amma komai bai motsa ba, me ya faru?

Haba malam, ai ba zai motsa ba! Wannan sunan tsarin kodinet kawai yake liƙa wa fayil, lambobin ciki suna nan yadda suke. Reproject shi ne yake sake lissafin kowane ɗigo. In ka liƙa sunan da ba shi ba sannan ka juya, kuskure ka ɗora a kan kuskure.

Fayil ya zo babu tsari ko kaɗan, yaya zan yi?

Nan ne aikin yake. Da farko ka kira wanda ya tashi jirgin ka tambaye shi, babu kunya a wannan, rahoton aikin ma ka nema. In bai samu ba sai ka koma kan lambobin, ka duba mafi ƙanƙanta da mafi girma na X da Y. Ka ga 7.6 da 12.9, digiri ne. Ka ga X wajen 348,000 da Y wajen 1,436,000, UTM 32 ne a cikin birnin Katsina, Daura kuma X ɗinta wajen 426,000. In kuwa X wajen 573,000 ne, Y bai cika miliyan ba, mai yiwuwa tsohon tsarin Najeriya ne na yankin tsakiya, EPSG 26392.

Amma fa kada ka yi saurin murna, domin lambobi kaɗai ba za su raba maka WGS84 da tsohon datom ɗin Najeriya na Minna ba, UTM 32 na Minna, wato 26332, kamarsu ɗaya da 32632 in ka kalle su da ido, alhali a ƙasa tazarar tana kai mita 100 ko fiye. Mita 100 a unguwa ai gidaje nawa ne, filin wani ya faɗa cikin na wani. Ni abin da nake yi, in gwada ɗaya bayan ɗaya in ɗora a kan hoton tauraron ɗan adam, in nemi abin da ba ya tashi, kamar hasumiyar Gobarau ko kusurwar wata katanga, in ga wanne ya zauna daidai. Shi ma hoton yana iya kaucewa da 'yan mitoci, saboda haka in aikin fili ne ko hanyar ruwa, ka ɗauki na'urarka ka je ka auna bikon, wato alamomin safiyo da aka kafa a ƙasa, biyu ko uku da ƙafarka. Kuma a kan kwafi za ka yi duk wannan gwajin, asalin fayil ka ajiye shi gefe.

Na juya zuwa digiri sai ɗigogina suka dunƙule wuri guda, fayil ya lalace ne?

Kwantar da hankalinka, bai lalace ba in kana da asalin. Sikelin ne, wato mafi ƙanƙantar taki da fayil yake iya rubutawa, aka bari a 0.01, a mita santimita ɗaya ke nan, a digiri kuwa ya haura kilomita guda. Ka sake juyawa daga asalin da sikeli 0.0000001 a X da Y. Ni dai shawarata ka zauna a UTM.

Tsayi fa?

Wannan babu mai tambayata, kuma shi ya fi damuna. Juya X da Y ba lallai ya taɓa Z, wato tsayi, ba. Tsayin da GPS yake bayarwa kai tsaye da tsayi daga matakin teku sun bambanta da wajen mita 20 a yankinmu, sai an sa EGM96 ko EGM2008, wato samfuran matakin teku na duniya, a gyara. Ka tabbatar wanne ke cikin fayil ɗinka kafin ka miƙa wa injiniyan magudanar ruwa.