Hangzhou, birnin shayi da tsofaffin haikalai: tambayoyi da amsoshi kafin ka ɗaura kaya

Mutanenmu da yawa suna zuwa Yiwu saro kaya, su gama lodin kwantena su juyo gida, ba su san cewa ƙasa da awa ɗaya a jirgin ƙasa mai gudu akwai birnin da Sinawa ke cewa, a sama akwai aljanna, a ƙasa akwai Suzhou da Hangzhou. Wannan abin yana yi mini ciwo, shi ya sa na tattaro tambayoyin da mai niyyar zuwa zai iya yi.

Ina Hangzhou take, kuma me ya sa za a je?

Ita ce babban birnin lardin Zhejiang a gabashin ƙasar Sin. Daga Shanghai kusan awa ɗaya ce a jirgin ƙasa. Ta taɓa zama fadar daular Song ta Kudu a ƙarni na 12 da na 13, kuma Ibn Battuta ya ambace ta a labarin tafiyarsa da sunan Hansa, ya ce bai taɓa ganin birni mai girmanta ba. Abin da ke jan baƙi a yau uku ne: Tafkin Yamma, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2011, da haikalin Lingyin, da kuma tsaunukan shayin Longjing. Daɗin abin shi ne duk ukun suna ɓangare ɗaya, yammacin birnin.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Idan don shayi za ka je, ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Afrilu. Ganyen da ya fi daraja shi ne wanda aka tsinka kafin bikin Qingming, da ke faɗowa 4 ko 5 ga Afrilu. Kaka ma tana da kyau, daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba, lokacin da ƙamshin furen osmanthus ke cika gari. Yuni ruwan sama ne ba ƙaƙƙautawa, Yuli da Agusta kuwa zafi ne mai gumi, ba irin busasshen zafinmu ba. Ka kiyayi makon farko na Oktoba da hutun farkon Mayu. A waɗannan kwanaki ƙasar gaba ɗaya ke fita yawon buɗe ido, bakin tafki ba masaka tsinke.

Kwana nawa zai isa?

Uku. Biyu ma za su yi idan lokaci ya ƙure, amma kwana ɗaya gaggawa ce kawai. Ranar farko ka ba tafki: ka taka hanyar nan da wani mashahurin marubucin waƙoƙi mai suna Su Dongpo ya sa aka gina ta ratsa ruwa lokacin da yake mulkin birnin wajen 1090, ka shiga kwalekwale ka ga ƙananan hasumiyoyi uku na dutse da ke tsaye cikin ruwa, waɗanda hotonsu ke bayan takardar yuan ɗaya. Hasumiyar Leifeng da za ka hango a kudu sabon gini ce, tsohuwar ta rushe a 1924, aka sake tayar da ita a 2002. Rana ta biyu haikali da sassafe, gonakin shayi da rana. Ta uku ka bar ta ga masallaci da kasuwa.

Mene ne a haikalin Lingyin?

Wani malamin addinin Buddha ɗan Indiya mai suna Huili ne ya kafa shi a farkon ƙarni na 4, wato ya haura shekara 1,600. An rushe shi an sake gina shi sau da yawa. Kafin ka kai ƙofarsa za ka bi gefen wani dutse da ake kira Feilai Feng, inda aka sassaƙa ɗaruruwan siffofi a jikin dutsen da cikin koguna, mafi yawansu tsakanin ƙarni na 10 da na 14. A babban zaure akwai gunkin Buddha na itace da aka lulluɓe da ruwan zinariya. Ka isa da an buɗe ƙofa, domin da hantsi ya yi motocin 'yan yawon buɗe ido za su fara sauke mutane. Ka riƙe fasfonka, kuma ka duba tun da wuri ko sai an yi rajistar shiga ta waya.

Musulmi fa, ya zai yi a irin wannan wuri?

Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa tun kafin tafiya, kuma ba dole sai ya shiga zauren ba, dutsen da dajin da ke kewaye ma abin kallo ne. Wanda ya shiga, ya shiga a matsayin baƙo mai kallon tarihi da gwanintar gini. Idan aka miƙo maka turaren tsinke, ka girgiza kai cikin ladabi ka wuce, ba mai tilasta maka, ba kuma mai sa ka rusuna. Sai dai ka tuna masu ibada ne a ciki da gaske. Kada ka ɗaga murya, kada ka ɗauki hoto a cikin zaure, kuma dokin ƙofarsu mai tudu ne, tsallake shi ake yi, ba a taka shi.

Don salla akwai Masallacin Fenghuang a titin Zhongshan, ɗaya daga cikin tsofaffin masallatan ƙasar Sin, wanda ginin zaurensa ya samo asali tun zamanin daular Yuan, a ƙarni na 13.

To shayin, wane iri ne?

Nan ne hankalina ya fi karkata. Koren shayin da ake dafawa a ƙaramar buta kan gawayi a Agadas da Damagaram, ana zubawa daga sama har ya yi kumfa, daga ƙasar Sin ake kawo shi, kuma irin nan mai dunƙulallen ganye asalinsa yankin Shaoxing ne, maƙwabciyar Hangzhou. Amma Longjing daban yake. Ganyensa a miƙe yake, a daddanne, domin da tafin hannu ake soya shi a cikin babban kasko mai zafi, mai suya yana danna shi yana juyawa har ya bushe. Ba a tafasa shi, ba a sa masa sukari. A zuba ɗan ganye a kofin gilashi, a kwarara ruwan da ya ɗan huce, kimanin digiri 80, sai ka ga ganyen yana buɗewa yana sauka ƙasa a hankali. Harshen da ya saba da shayi mai kauri zai ce wannan ai ruwa ne, sai a kurɓa ta uku ɗanɗanon ke fitowa.

Ka je ƙauyen Longjing ko Meijiawu. Kusa da Longjing akwai bishiyoyin shayi 18 da ake dangantawa da Sarki Qianlong, akwai kuma gidan tarihin shayi na ƙasa. Wajen saye ka buɗe ido: ba duk abin da aka rubuta wa Longjing ne ya fito daga waɗannan tsaunuka ba. Kada ka bi wanda ya tare ka a hanya yana kiran ka gidansa. Ka ɗanɗana tukuna, ka tabbatar abin da ka sha shi aka auna maka, kuma ka sayi kaɗan, domin koren shayi ba ya son daɗewa.

Abinci da biyan kuɗi fa?

Shahararren abincin garin naman alade ne da ake kira Dongpo, kuma suna yawan girki da giyar shinkafa, don haka ka nemi shagunan da ke da alamar halal, musamman masu taliyar Lanzhou, galibi allonsu kore ne. Kuɗin hannu ya yi ƙaranci a can, kusan komai da manhajar waya ta Alipay ko WeChat ake biya, ka haɗa katinka tun kana gida. Google da WhatsApp ba sa aiki a intanet ɗin ƙasar, saboda haka ka ajiye adireshin masaukinka da rubutun Sinanci a waya, ka kuma tabbatar otal ɗin yana karɓar baƙi 'yan ƙasashen waje kafin ka biya.