Ma'anar "fulstak" a fagen gina shafukan intanet

Duk wanda ke bibiyar sanarwar neman ma'aikata a fannin kwamfuta, ko ya zauna da matasan da ke koyon rubuta manhaja a Jos, zai ji ana cewa wane fulstak ne, ko kuma kamfani kaza yana neman ɗan fulstak. Abin da ake nufi shi ne mutumin da ya iya gina shafin intanet tun daga fuskar da mai amfani ke gani har zuwa cikinsa, inda ake karɓar bayanai, a tantance su, a adana su, ba tare da ya jira wani ya ƙarasa masa rabin aikin ba.

Kowane shafi mai aiki yana da ɓangare biyu. A ɗauki ɗalibar da ke shiga shafin JAMB a wayarta. Rubutu da launi da gurbin saka lambar rajista da maɓallin da take dannawa duk suna ɓangaren gaba, wanda masu sana'ar ke kira furontend. Da zarar ta danna, saƙo zai tafi wata kwamfuta mai nisa da ake kira saba, ita kuma ta binciki rumbun bayanai, ta tabbatar lambar ta dace da mai ita, sannan ta maido da amsa. Wannan shi ne ɓangaren baya, wato bakend. Kamar shago ne a kasuwar Terminus: mai saye yana ganin kanta da jeren kaya, amma sito da littafin lissafi suna ciki.

Ɓangaren gaba yana tsaye ne a kan abubuwa 3. HTML, wanda Tim Berners-Lee ya samar bayan ya gabatar da tsarin yanar gizo a cibiyar CERN a 1989, shi ke tsara gangar jikin shafi. CSS, wanda aka amince da shi a 1996, shi ke kula da ado da yadda shafi zai zauna a ƙaramin allon waya ko babban allon kwamfuta. JavaScript kuwa, wanda Brendan Eich ya rubuta a 1995, shi ke sa shafi ya amsa idan an taɓa shi. A ɓangaren baya zaɓi ya fi yawa, domin akwai harsunan rubuta manhaja irin su PHP da Python da Ruby da sauransu, ga kuma SQL da ake amfani da shi wajen yi wa rumbun bayanai irin su MySQL da PostgreSQL tambaya.

A da, harsunan gaba da na baya daban suke, saboda haka mallakar duka biyun aiki ne ja. Abin ya sauya bayan 2009, lokacin da Ryan Dahl ya fitar da Node.js, wanda ya ba da damar sarrafa saba da JavaScript. Daga nan mai harshe ɗaya zai iya taɓa ɓangarorin biyu, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa sunan ya bazu. Ƙananan kamfanoni da ba su da ƙarfin ɗaukar mutum biyu su ne suka fi neman ɗan fulstak, irin su ne kuma suka fi yawa a nan Filato.

Hanyoyin koyo kyauta suna nan a intanet, kuma masu inganci ne. Akwai freeCodeCamp da Quincy Larson ya kafa a 2014, inda ake rubuta darasi a gwada shi a cikin burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ba tare da an sauke komai ba. The Odin Project ya fi tsauri, domin yana tilasta wa ɗalibi ya shirya kwamfutarsa da kansa kamar yadda ake yi a wurin aiki, ya kuma saba tun da wuri da Git, manhajar adana tarihin sauye-sauyen da aka yi wa aiki, da GitHub, shafin da ake ɗora aikin don wasu su gani. Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland tana da kwas mai suna Full Stack Open, amma sai wanda ya riga ya iya rubuta manhaja zai ji daɗinsa. CS50 na Jami'ar Harvard yana gina tushen tunani, shi kuwa MDN na Mozilla wurin duba ƙa'ida ne idan an manta. Kusan dukkansu da Ingilishi suke, kuma darussan rubutu sun fi na bidiyo sauƙin cin data. Wanda ke son koyo cikin jama'a zai iya neman cibiyoyi irin su nHub a Jos, ko shirin horar da mutane fasahar zamani mai suna 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023.

Inda ake samun kuskuren fahimta shi ne ɗaukar fulstak a matsayin muƙamin da takardar kammala kwas na wata 3 ke bayarwa. A ganina wannan yaudarar kai ce. Wanda ya kwafi aiki daga bidiyo har ya ga shafi ya buɗe bai san abin da zai faru ba idan mutum 500 suka shiga lokaci guda, ko idan wani ya cusa mugun umarni a gurbin rubuta suna don ya kwashe bayanan jama'a. Ajiye kalmar sirri a fili cikin rumbu, alal misali, kuskure ne da ba a gani a fuskar shafi, sai ranar da aka yi kutse. Ko a tsakanin ƙwararru ma, yawancin masu wannan suna sun fi ƙarfi a ɓangare ɗaya, ɗayan kuwa sun san shi daidai gwargwadon fitar da aiki.

Shi ya sa masu ɗaukar aiki suka fi son a nuna musu shafin da aka gina aka ɗora, ko da na rajistar ɗaliban wata Islamiyya ce a Unguwar Rogo, su buɗe shi, su shigar da bayani, su duba rubutun manhajar da ke GitHub, sannan su tambayi mai shi dalilin da ya sa ya tsara rumbun bayanansa haka.