Gindin bishiya ba mafaka ba ce idan hadari ya haɗo

'Yan uwana manoma da makiyaya na Bokkos, Mangu, Barikin Ladi da kewayen Jos, kowace shekara daga Afrilu maganar ɗaya ce. Ana kawo mutum da ƙuna a kafaɗa ko a tafin ƙafa, wani kunnensa ya toshe, wani kuma an riga an lulluɓe shi. Ka tambayi inda yake, a ce maka ai fakewa ya yi a gindin mangwaro. Sau nawa za a faɗa? Tsawa abin da ya fi tsayi take nema, ku kuma can kuke rugawa.

Kada ku raina hadarin ƙasar nan. Jos tana sama da teku da kusan mita 1,200, kuma tsaunukanmu na cikin wuraren da gagarumin hadari ke haɗuwa da maraice kafin ya nausa yamma da gudun da kan kai kilomita 50 a awa. Masana sun daɗe suna bin sawunsa. A 1974 sun yi sansani a Dakar da jiragen ruwa kusan 40, a 2006 kuma aka kafa na'urar hangen hadari a Yamai. Sun tabbatar cewa daga Yuni zuwa Oktoba, duk kwana uku zuwa biyar wata igiyar iska kan ratsa Afirka ta Yamma ɗauke da irin wannan hadari. In ta faɗa Tekun Atlantika ta tarar ɗumin ruwa ya kai digiri 26 da rabi, sai ta sha tururi ta fara juyawa, wani lokaci ta zama mahaukaciyar guguwar da ke rushe garuruwa a Amurka. To abin da ke da wannan ƙarfi, shi za ka tare da ganyen bishiya?

Na san ba ganganci ba ne. Gona ta yi nisa da gida, dankali na jiran a tayar masa da kunya, mutum ya ce bari in ƙarasa layin nan. Amma bishiya ba ta kare ka, jawo maka take yi. In tsawa ta sauka a kanta, wutar kan tsallako daga kututture zuwa jikin wanda ke kusa, saura ta bazu a ƙasa ta shiga ta ƙafa ɗaya ta fita ta ɗaya. Shi ya sa shanu ke zubewa garke guda, don tazarar ƙafafunsu ta fi tamu. Dogayen bishiyoyin turaren nan na bakin gona kuwa, ga tsawa ga karyewar reshe. Haba jama'a! Gara ruwa ya jiƙa ka sharkaf.

In ka ga walƙiya, fara ƙirga. Duk daƙiƙa uku kafin ka ji ƙara, kilomita ɗaya ke nan. Ƙasa da daƙiƙa 30, ajiye fartanya ka tafi, kada ka jira yayyafi. Nemi ginin bulo ko mota mai rufin ƙarfe, a rufe gilasai. Bukkar gona, rumfar kwano, babur da keke napep duk ba mafaka ba ne. In babu ko ɗaya, sauka daga kan dutse, bar bakin kududdufin kuza, nisanci bishiya da ninki biyu na tsayinta, ka haɗe ƙafafu ka tsuguna, kada ka kwanta. In kuna da yawa ku warwatsu. Kada a koma aiki sai an yi minti 30 ba a ji cida ba. A riƙa sauraron hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, a rediyo kafin a fita.

Wanda tsawa ta buga babu sauran wuta a jikinsa, a taɓa shi nan take, a daina ɓata lokaci wajen neman nonon da za a zuba masa. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti, ana yi ana neman motar asibiti. Ko ya tashi ya ce lafiyarsa lau, a kai shi a duba zuciyarsa.

Iyaye mata, yaran da ke kiwo su suka fi gudu gindin bishiya, don abin da suka ga manya na yi ke nan. Ku faɗa musu yau da dare, gobe da safe ku sake faɗa kafin su kora dabbobi.